Mama ta sa hannu a zanen Mariya

Juma'a, 7 ga Disamba, 2018

Yau na lallaɓa Mama ta bi ni bakin ruwa a Al Ras, inda muke taruwa mu yi zane duk Juma'a da safe. Tun rasuwar Baba ba ta son fita, magana ma sai an matsa mata.

Can sai na ga ta karɓi buroshin Mariya, 'yar Filifin ɗin nan, ta ja layi a jirgin ruwan da take zanawa. Gabana ya faɗi.

Na ce, "Mama, ba a taɓa aikin wani."

Ta ce, "Tun yaushe? Mu da muke zanen ƙwarya a gindin tsamiya, kowacce sai ta sa hannu a ta 'yar'uwarta. In ba haka ba, me ya tara ku?"

Da na fassara wa Mariya, sai ta matsa mata a kan tabarma. Jirgin dai ya karkace, ba ƙarya.

Ɗazu ina shirin kwanciya Mama ta leƙo, da sauran shuɗin fenti a farcenta. Ta ce, "Wai Juma'a mai zuwa ƙarfe nawa ake fita?"