Littafin Nafissa a ƙullin yaji

Litinin, 2 ga Yuni 2025

Mun gama littafi mai koren bango, ni da Yaya Kadi, maƙwabciyata mai sai da yaji a kasuwar Petit Marché. Ba ta san ko bihim ba, amma in ina karanta mata bayan la'asar, har gyara min sunan mutane take. Ta ce a maimaita shi, na ce a'a, sabo za mu ɗauko daga kwalin Nafissa. Littafi goma sha ɗaya 'yata ta bari kafin ta rasu, kowanne da rubutunta na jan alƙalamin biki a gefe. Kadi ta ari koren, wai tana son hoton bangon.

Alhamis, 5 ga Yuni

Layya jibi, ɗinki ya yi min yawa. Na aika a sayo yajin nama wurin Kadi. Ina kwance ƙullin sai ga rubutun Nafissa: "Wannan mata kamar Mama wajen faɗa." Shafi na casa'in da huɗu na mai koren bango, ya jiƙe da barkono.

Juma'a, 6 ga Yuni

Kadi ta shigo shago da fo fo ɗinta, gaisuwarsu ta Zabarmawa, tana dariya. Na nuna mata takardar. Wai takardar ƙulli ce ta ƙare mata a kasuwa, "ai mun gama shi, Maman Nafissa, yana cikin kaina."

Yana cikin kanki! Dutsen guga na hannuna, garwashi ja wur. Na ɗora mata a dantse, na danna. Na ji ƙaurin fata. Ta faɗi kan keken ɗinki, goshinta ya fashe, jini har kan shaddar mutane, ni kuwa ban daina dukanta ba sai da Abdu mai shayi ya riƙe ni ta baya. Ko ihu ba ta yi ba, shi ne ya fi ƙona min rai.

Asabar, 7 ga Yuni

Salla. Ban ci naman kowa ba. Kuma ban yi nadama ba, kar wanda ya ce min komai.

Litinin, 9 ga Yuni

Duk unguwar Boukoki an ji. Abdu ya ce ɗinki biyar aka yi mata a goshi. 'Ya'yanta sun so kai ni komisariya wurin 'yan sanda, ta ce duk wanda ya je ba da yawunta ba. To wa ya roƙe ta?

Na buɗe wani littafin da la'asar. Layi uku na karanta da ƙarfi kafin in tuna ba kowa a kan bencin.

Alhamis, 12 ga Yuni

Kadi ta zo. Dantse a naɗe, fuska a kumbure. Ta ajiye baƙar leda a bakin ƙofa ta juya. Ashe kwana uku tana bin gidajen masu sayen yajinta, tana roƙon takardun ƙulli. Da yake ba ta iya bambancewa, komai ta kwaso: guntun jarida, takardar magani, shafin kaye, littafin rubutun wani ɗan makarantar lakwal. Na zauna na tsince. Shafi goma sha tara na Nafissa ne. Ƙarshen labarin babu, an hura wuta da shi.

Atishawa nake ta yi saboda barkono. Barkonon ne, ba wani abu ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na ɗinke shafukan da zare, na ɗauki kwalin na tsallaka gidanta. Babban ɗanta ya tare ƙofa, ta ce masa, "Matsa, Bahaushiyar nan ba ta zo da dutsen guga ba yau." Na shiga na zauna kusa da ita.

Na karanta har inda takarda ta ƙare. Sai ta ɗora daga nan, tiryan-tiryan, har da wurin da nake yin tsaki in na zo kansa. Ban gyara mata ko ɗaya ba, don babu abin gyarawa.

Ƙunar ta yi ruwa, shatin dutsen ya fito sak. Ni na sake mata ɗauri. Na tura mata kwalin na ce ta zaɓa. Ta ciro mai jan bango, wanda na fi ƙi duk cikinsu. Gobe bayan la'asar.