Mai Kore Ni Daga Aiki Ran Juma'a

Daga Kazablanka

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? A gaishe mani da Yaya Chaibu da mutanen Tibiri. Ni lafiya lau nake. Sanyin garin nan dai sai a hankali, amma ina jurewa.

Akwai damuwar da na ɓoye maku. Lojisiyel ɗin, wato manhajar kwamfuta, da muke zanen gini da shi a biro, ofishinmu ke nan, lasisinsa bai yarda a buɗe shi da sunana a ordinater (kwamfuta) biyu lokaci guda. Duk Juma'a da rana sai ya kore ni ina tsakiyar aiki. Na goge shi na sake sawa, a banza. Har patoro, maigidana na wurin aiki, ya fara zargin na sayar wa wani, ya ce in abin ya ci gaba in nemi wani wurin aiki. Barci ma ya gagare ni.

Da na duba inda ake buɗe shi, sai na ga Maraɗi! Na kira Yaya Chaibu. Ashe in an sauko masallaci kakan sa shi ya kunna tsohuwar ordinater ɗina da na bari a gida, ya buɗe lojisiyel ɗin da sunana a zaure, ka nuna wa abokanka asibitin da ɗiyarka ta zana.

Na gaya wa patoro ba kunya ko kaɗan. Ya yi dariya, ya sa aka buga zanen a babbar takarda. Tana hanya.

Roƙona, Baba, a bar ordinater ta huta. Takardar kuwa a manna ta a zaure, kuma ka dubi ƙasanta da kyau. Sunanka na nan bayan nawa.

Allah ya ja kwana.

Ɗiyarka,
Tahira Abdurrazak