Fankar Baffa Arzika

Aliero, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana, Abban Mufida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Fatakwal da ruwanta, yaya kasuwar albasa? Mu nan lafiya lau, sai dai zafin bazara. Mufida tana gaishe ka, ta ce in tuna maka takalmin makaranta.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Habibullahi direba alhali ga waya. Ka san katangar da ke tsakaninmu da gidan baffanka Arzika, ko tari na yi sai matarsa Inna Iyatu ta ce mini sannu. Maganar nan ba ta faɗa da baki ba ce a tsakar gida.

Bayan tafiyarka ma'aikatan kamfanin wuta sun zo sun kafa mana mita mai kati, an daina kuɗin ƙiyasi. Har murna na yi. Na manta da wayoyin nan uku da ka ja wa maƙwabta tun kana ango, lokacin da ko gida goma ke shan wutarmu kuɗin ba ya canzawa. Yanzu duk fitilar da aka kunna a gidajen nan, katinmu take ci. An kuma ƙara kuɗin wutar, wai layinmu ya shiga sahun masu samunta da yawa. Katin da na sa rai zai kai mu wata, kafin Juma'a ta zagayo mita ta fara kuka.

Ni ba duhu nake tsoro ba, a cikinsa na girma a ƙauyenmu Sabiyal. Firij nake ji. Ka san allurar ciwon sugan Mufida ba ta son zafi, kuma a cikinsa take kwana. Da azahar in na zauna sai in ji tsohuwar fankar Baffa tana ƙiƙi-ƙiƙi ta bayan katanga, wallahi ji nake kamar maganin yarinyar nan take lasa.

Ka yi magana da su, kai ne ɗansu. Ko su riƙa kawo wani abu, ko a cire wayoyin.

Ka gaida abokan zama. Allah ya ba da kasuwa.

Matarka,
Murjanatu


Jega, ranar Alhamis

Abban Mufida,

Sallama da gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Ya jikinka, ciwon bayan nan ya sake ka?

Daga asibitin Jega nake rubuto maka. Kada hankalinka ya tashi, ta farfaɗo, har ta sha kunu. Amma na ga abin da ban taɓa gani ba.

Na je biki Sabiyal na kwana biyu, Mufida tana wurin ƙanwarka da allurar kwana biyun. Kati ya ƙare a bayana, firij ya zama tanda. Da na dawo na duba kwalbar maganin da na bari a ciki, ban ga ta canza ba, na ci gaba da yi mata allurar. Sai ƙishirwa, sai amai, sai numfashi sama-sama. Sista Rebecca, wadda ke duba ta kullum, ta ce zafi ya kashe maganin, ruwa kawai nake ta tsira mata. Da hannuna, Abban Mufida.

Saƙonka ya iso mini. Ka ce in yi haƙuri, kada in taɓa wayar kowa, ba za ka zama ɗan da ya sa baffansa a duhu ba. Na gode. Kai kunyarka tana can Fatakwal cikin iska mai sanyi, ni ce a nan da yarinya a kan gadon asibiti.

Kafin bikin ma sai da na aro ƙarfin hali na shiga wurin Inna Iyatu, na zagaya na zagaya na kawo maganar kati. Baffa yana zaure ya ji. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, rijiyar gidansa shekara nawa unguwa ke sha, ni ma a ciki, ya taɓa auna wa wani guga? A wurinsa wuta da ruwan rijiya abu ɗaya ne, ba a sayar wa na gida. Na fito ina cewa a raina, ai rijiya ba ta da mita. Sauran gidajen biyu kuwa suka ce in Baffa ya bayar su ma za su bayar.

Na sayar da tunkiyata na sayi sabuwar allura da kati. Bayan ita ba ni da wani abin sayarwa sai kwanukan ɗaki. Ina jin tsoro, ban iya ɓoye maka. Ka dawo, ko ka ba ni izini.

Allah ya tsare mana kai.

Murjanatu


Aliero, ranar Talata

Maigida,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru.

Na yanke. Ranar da muka dawo daga Jega na tarar sabon katin har ya yi rabi, babu kowa a gidanmu. Na jira aka ɗauke wuta, na hau turmi da filaya, na datse wayoyin duka uku. Ta Baffa na tura masa ta ramin nan da ka huda a katanga, na toshe ramin da tsumma. Ka yi fushin da za ka yi, in aka sake mai da ni ranar, haka zan sake yi.

Ba wanda ya zo ya tanka mini, da ma sun zo an yi ta ta ƙare. Inna Iyatu ta daina yi mini sannu ta katanga. Ni kuma ƙafata ta kasa kai ni rijiyarsu, sai 'yan garuwa nake tarewa. Da labari ya kai wa ɗan Baffa da ke aiki a Birnin Kebbi, ya zo a fusace ya kafa wa mahaifinsa sola, faranti biyu a kan rufi da batir. Duk unguwa aka fito kallo, ana kallon farantan ana kallon ƙofarmu. Fankar ta ci gaba da kukanta, na ce to alhamdu lillahi, kowa ya huta.

Sai taransifomar unguwa ta ƙone. Da rana tsaka ta yi ƙara ta yi hayaƙi, shi ke nan. Maza sun je ofishin kamfani, an ce babu wata a ƙasa, sai dai unguwa ta yi karo-karo a kai ta gyara. Ka san karo-karon unguwarmu, na masallaci ma bai kammala ba. Ga sauran kati a mita, babu wutar da zai saya.

Na sa kwalaben a leda na jefa a randa, na jiƙa yashin ƙarƙashinta. Sista Rebecca ta ce dabara ce ta ɗan lokaci, a wannan zafi kada in dogara da ita. Ƙanƙarar da nake saya a bakin tasha kafin la'asar ta zama ruwa, ta kuma yi tsada tunda kowa nema yake. Kowace safiya in zan yi wa Mufida allura, ban san magani nake ba ta ko ruwa ba. Jiya ta tambaye ni ko za ta sake komawa Jega, na ce mata a'a, na shiga ɗaki na yi kuka.

Gida ɗaya ne ke da wuta a duk layin nan, ka san kuma wanne ne. Da wace fuska zan shiga?

Taka,
Murjanatu


Aliero, ranar Asabar

Abban Mufida,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Habibullahi ya kawo takalmin, ya yi mata daidai, ta ce a gode maka.

Ban shiga ba. Sau biyu ina ɗaukar mayafi da kwalaben a kwano, in kai ƙofar zaurensu in juyo. Ashe Inna Iyatu tana ganina.

Shekaranjiya da hantsi ina wanke-wanke sai na ga tsumman da na toshe ramin katanga ya faɗo. Bakin waya ya leƙo, yana shigowa a hankali. Wayar nan ce dai, na gane ta da ɗaurin baƙar leda da ka yi mata. Ashe bai yar ba, naɗe ta ya yi ya ajiye. Sai na ji muryar Baffa ta bayan katanga, ya ce, "Murja, kama wagga waya. Ɗiyar nan tawa ta, ba taki ba ke ɗai." Ya turo mai gyaran wuta ya haɗa ta da firij, kafin azahar ya ɗauki sanyi.

Na je na durƙusa a zaure. Ya ce in tashi, kuma 'yan garuwa sun ci kuɗina ya isa, rijiya tana nan inda na bar ta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wanda mai gyaran ya faɗa mini da zai tafi. Solar ƙarama ce, ba za ta ɗauki firij da fanka tare ba. Ya gaya wa Baffa haka tun kafin ya haɗa, Baffa ya ce ya haɗa. Ka san yadda Aliero take a watan nan, ka san shekarunsa da hawan jininsa. Yanzu da azahar a gindin dalbejiyar ƙofar gida yake zama, riga a kafaɗa, yana fifita da murfin kwali. Taransifoma kuwa har yau ko ɗauke ta ba a zo yi ba.

Don Allah ka sayar da albasar da ta rage ko da faɗuwa ne, ka taho da batir da farantin sola ko guda ɗaya, a ƙara masa. Kada ka saya mini zane bana.

Mufida tana samun sauƙi, ta koma makaranta. Ni ce dai ba na iya zama tsakar gida da rana. Fankar nan da na yi ta tsine wa, yanzu kunne nake kasawa ko zan ji ta, shiru.

Ka dawo da wuri. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Murjanatu