Hukuncin Baba a Kan Kashi na Biyu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin ƙaramar, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Mama da ke tashi lokaci-lokaci.

Yaya, maganar ɗan'uwanmu Darakta ce ta sa na ɗauki biro. Ya gama kashi na biyu na fim ɗin yaƙin nan nasa. Na san gabanki ya faɗi, ni ma haka nawa ya yi.

Kin yi nisa lokacin da na farko ya fito, ba ki ga zafin abin ba. Labarin gadar nan ya ɗauka, wanda Baba bai taɓa ba mu da bakinsa ba, sai gutsattsarin da muka tsinta. Ya mai da Baba jarumin da ya goya abokinsa Dogo ya tsallake ruwa da shi cikin ruwan harsashi. Alhali Dogo ne ya goya Baba ya kai shi gaɓa, ya koma ɗauko wani, bai dawo ba. Da faifan ya shiga kasuwa, sai mutane suka riƙa tare Baba a hanya suna sara masa, suna kiransa jarumin gada. Shekara biyu ke nan bai amsa gaisuwar ɗansa ba. Da Darakta ya yi sallama, sai ya ɗaga jarida ya rufe fuska.

Shekaranjiya Darakta ya same ni a kantin magani, ya tsaya yana juya faifai a hannu, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ce ba zai sake shi ba sai Baba ya gani. In Baba ya ce a'a, a gabansa zai karya shi, ya koma sana'arsa ta gyaran waya. Aikin wata goma sha ɗaya ne, shi da abokansa da suka sha rana tare da shi don zumunci kawai. Ni ya ɗora wa roƙon, wai ni ce 'yar lele.

Na faɗa wa Baba yana yanke farce. Sai da ya gama yatsu goma cif sannan ya ce a kawo ranar Asabar da yamma. Ni hawan jininsa nake tsoro, don haka na'urar awo za ta kwana a jakata. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Kafin komai, ki kwantar da hankalinki: Baba lafiyarsa ƙalau, faifai ma bai karye ba. Yanzu ki zauna in ba ki labari.

Mun taru a falo, Baba a kujerarsa, Mama a gefe, Darakta a ƙasa kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu. Na ja labule na kunna.

Yaya, tsakani da Allah fim ɗin nan bai haɗu ba. Sojoji bakwai ne kacal, su ne namu, su ne abokan gaba, hula kawai suke canjawa. Telan bakin layinmu ya mutu sau uku, a na ukun an manna masa gashin baki ya karkace. Tankar yaƙin kwali ce aka kifa a kan baro, ana hango ƙafar mai turawa da silifas. Jirgin sama kuwa ba a nuna shi ba, kowa dai ya ɗaga kai, sai aka sa ƙarar injin niƙa. Ana tsakiyar artabu wani ya wuce ta baya a kan babur yana waya.

Ina satar kallon Baba, fuskar nan kamar an ɗaure ta da igiya. Da tela ya faɗi karo na uku sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na zabura na kai hannu jaka, ashe dariya yake dannewa. Ya ce wannan mutumin ya fi duk sojan da ya sani ƙoƙari. Mama ta tuntsire, ni ma na samu na yi numfashi.

Sai aka zo gada. A nan dariya ta ɗauke. Darakta bai sa kiɗa ba, bai sa hayaƙi ba. Ga wanda ya fito a matsayin Baba a bayan Dogo, an harbe shi a ƙafar hagu, yana kuka wiwi, yana kiran mahaifiyarsa. Dogo ya sauke shi a gaɓa, ya juya ya koma cikin ruwa. Daga nan ruwan kawai aka bar mu muna kallo, shiru, har na ɗauka faifan ne ya tsaya.

Baba ya ce in kashe. Ya tambayi Darakta wa ya gaya masa ya yi kuka. Kafin ya buɗe baki Mama ta ce ita ce, shekara arba'in tana riƙe da maganar, ta gaji. Baba ya daɗe yana kallonta. Ni dai na ce shi ke nan, yau gidan nan ya tarwatse.

Sai ya ce, "Ƙafar dama aka harba, ba ta hagu ba. Kuma Dogo bai yi shiru irin haka ba. Tun daga tsakiyar ruwa yake zagina, wai na cika nauyi, in mun fita sai na rage ci."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba mu labarin ranar daga farko har ƙarshe, da sunan wanda Dogo ya koma ɗaukowa, da yadda ya zauna a gaɓar yana jira har rana ta take. Ya yi hawaye, bai ɓoye ba. Darakta ya rarrafo ya dafa gwiwarsa, Baba bai janye ba.

Da ya natsu ya yanke hukunci, kamar yana gaban fareti. Ya ce, "Fim ɗinka ba shi da kyau. Sojojinka ko takalmi ba su iya ɗaurewa ba, bindiga kuma sun riƙe ta kamar fartanya. Amma wannan karon ba ka yi ƙarya ba. Ka sake shi, a ga Dogo."

Sharaɗi ɗaya ya gindaya: ba zai yarda a ga irin sarawar da sojojin fim ɗin suka yi ba, sai an sake ɗaukar wurin. Don haka tun Litinin, kullum da yamma mutum bakwai suna jere a tsakar gidanmu, tsakanin igiyar shanya da famfo, Baba na gabansu yana ba da oda da wata murya da rabona da ita tun muna yara. Darakta ya zo da kyamara zai tsaya gefe, Baba ya ce ya ajiye ta ya shiga layi. Jiya sau goma sha biyu ya sa shi maimaitawa, yana ce masa, "Ɗaga gwiwar hannun nan, ɗana." Na ga Mama ta shige ɗaki da sauri tana goge ido.

Na auna jininsa yau da safe, ya fi na watan jiya kyau. Mama tana gaishe ku, Darakta ma, ko da yake hannunsa na dama ba ya ɗaguwa. Ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Auta