Injin Huda Lofe Ya Iso

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ruwan Fatakwal, ya iyali? Mu nan Rano lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Na sayo injin da ka ce, na huda lofen shan taba. Wuni na yi a Kano ina zaɓe. Duk wanda aka kunna sai in zuba wa bakinsa ido. Uku suna rawa, na huɗun yana juyawa a miƙe, shi na ɗauko. Sai an rage masa gudu, in ba haka ba itacen ya tsage. Lofe biyu na ɓata kafin in gane.

Yanzu ba gasa ƙarfe a wuta, ba neman mai riƙe min itace. Amma da na huda na farko na juya in nuna maka, sai bango na gani. Kafin azahar na gama aiki, ba wanda zan ce wa uffan.

Yaya, kada ka ce tunda an sami inji ba sai ka zo Sallah ba.

Ka sa ni a addu'a. Inna tana gaishe ka, ka gaida yara.

Ƙaninka,
Habu