Majanyin Goyon Yasmin

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Mun dawo daga asibitin Zariya. Karo na huɗu ke nan da aka ɗura wa Yasmin maganin kansar jini. Ta yi amai sau biyu kafin Funtuwa, daga nan ta yi barci har Tsiga.

Sista Adama mai kula da ɗakin yara ta ɓata mini rai. Ta ga na goyo ta zuwa wajen awo, ta ce, "Maman Yasmin, shekararta nawa?" Na ce bakwai. Ta ce, "To ina ƙafafunta?" A gaban mutane fa! Ta matsa mata sharaɓa, ta ce naman yana zubewa. Wai maganin yana rage ƙarfin ƙafa, kwanciya kuma tana ƙarasa sauran. In dai ba zazzaɓi, kuma ba su ce jininta ya yi ƙasa ba, ta riƙa takawa kullum, ko daga ɗaki zuwa bakin rijiya. In ba haka ba, ranar da za a sallame mu ƙafar ba za ta ɗauke ta ba.

Na ce mata to, irin wanda ake cewa don a rabu lafiya. Da muka fito na ƙara ɗaure majanyina.

Asabar, 14 ga Satumba

'Yan dubiya tun hantsi. Dangin babanta daga Maska, su shida. Na gyara mata katifa, na sa mata hula saboda gashin da ya kakkaɓe. Ta yunƙura za ta tashi ta gaishe su, duk suka haɗa baki, "Kwanta, kwanta, kar ki motsa!" Ta koma.

Yanzu da ta ji sallama take lumshe ido, ko da hira muke. Ni na koya mata. Mutum ya yi tattaki daga Maska ya tarar da mara lafiya tana yawo a tsakar gida, me zai je ya faɗa?

Laraba, 25 ga Satumba

Bayana ciwo yake. Ba wanda zan gaya wa.

Alhamis, 3 ga Oktoba

An kawo masara daga gona, an baza shanya a tsakar gida. Na leƙa maƙwabta kai niƙa, ko rabin awa ban yi ba. Ina dawowa na ga Yasmin tsaye a bakin shanyar, da kara a hannu, tana korar awaki. Ƙafafunta na rawa. Inno, kakarta, na zaune kan turmi tana ɓarar gyaɗa kamar ba abin da ya faru.

Na yi kan Inno da faɗa. Shekara goma ina gidan nan ban taɓa ɗaga wa surukata murya ba sai yau. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Duk jikan gidan nan ya yi gadin shanya. Wannan raguwar ba ta fi su ba." Yasmin ta ce, "Tsohuwa, ko yanzu na fi ki gudu." Yarinyar ta yi dariya. Na manta rabon da in ji ta.

Duk da haka na suri abata na goya. Tana dukan bayana tana cewa, "Mama, sauke ni, akuya tana ci." Ban sauke ta ba. Akuyar ta ci ta ƙoshi.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Tsakanina da Inno gaisuwa kawai. Baban Yasmin ya dube ni, ya dubi mahaifiyarsa, ya saɓa fartanya ya tafi gonar da ba sauran aiki a cikinta.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Kwana uku muna asibiti, zazzaɓi ya kawo mu. A raina na ɗora wa Inno. Na ma faɗa wa Sista Adama, ina jiran ta ce na yi gaskiya. Ta ce zazzaɓin ba daga tsayuwa ya zo ba, amma wannan makon ta huta. Na ji daɗin "ta huta" ɗin nan, Allah ya yafe mini.

Da la'asar Yasmin ta so zuwa bayi, ta zuro ƙafa daga gado kafin in juyo. Ƙafar ta lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na tare ta. Ba ta yi kuka ba, sai ta ce, "Mama, ƙafata ta manta."

Ciwon ne ya yi wannan, ko ni? Ban sani ba. Ko dai na sani.

Talata, 22 ga Oktoba

Inno ta shigo ɗakina, abin da ba ta yi. Ta zauna bakin gado, ta daɗe tana murza carbi. Ta ce, "Mansura, na san abin da kike tsoro. Gani kike in tana bayanki ba mai ƙwace ta. Biyu na goya kafin uban yarinyar nan, duk a bayana aka karɓe su. Ban ma sani ba sai da na kwance zani."

Ban taɓa jin labarin ba. Ta ce, "Ki bar ta ta taka ƙasa, ko kwana nawa Allah ya rubuta mata."

Na miƙe na ɗauko kwano. Na zubo mata kunu ban tambaye ta ko tana so ba, ta sha.

Litinin, 28 ga Oktoba

Barkono aka shanya yanzu. Yasmin ke gadi da safe kafin rana ta yi zafi, Inno na tsokanarta. In ta gaji ta zauna kan turmi. Ni ina bakin murhu ina ƙona miya saboda waige.

Yau Yasmin ta faɗi. Na duba gwiwar sau huɗu, ba jini, ba kumburi.

Ana haka 'yan dubiya suka yi sallama. Ta dube ni, za ta nufi katifa. Na kawar da kai. Wata Hajiya ta ce, "Kai, ashe ta warke?" Na ce, "Ba ta warke ba, Hajiya. Gadi take." Su je su faɗi abin da za su faɗa.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Zariya, ɗibar jini kawai, mun dawo kafin magariba. Sakamakon sai Alhamis, kuma ba wanda ya yi mana alkawarin komai.

Daga ƙofar asibiti zuwa ɗakin yara da nisa, ban taɓa lura ba. Da ƙafarta ta je. Ta huta sau uku, sau ɗaya a kan dakali, sau biyu jingine da cinyata. Hannuwana sai komawa baya suke suna neman abin tallafa. Sista Adama ta gan mu, ta dubi ƙurar da ke ƙafar Yasmin, ta ce, "Hau ma'auni da kanki." Ni ba ta ce mini komai ba, na kuwa gode.

Da ma ba yadda zan yi, majanyin na gida kan igiya. Mantawa na yi. Haka na gaya wa Inno da muka dawo. Ta ce ai ta sani, ta ga na daɗe tsaye ina kallonsa kafin in manta.