Baba Ya Buɗe Littahi Daga Dama

Zuwa ga Yaya Gado,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina iyali, ina zaman Kumasi? Mu nan Dogon Dutsi lahiya lau, gero ya shiga rumbu.

Labarin Baba zan ba ka. An kawo sabon mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko, tsararka ne, ya kama ɗaki kusa da mu. Baban da ka sani ba ya shiri da 'yan boko, yanzu kullum la'asar tabarmarsu ɗaya. Mushe na karanta mishi wani littahin Faransanci mai hotuna, yana juyawa da Hausa. Labarin wani saurayi ne da ya bar gidan ubanshi, ya shiga jirgin ruwa, bai komo ba.

Shekaranjiya Baba ya karɓi littahin, ya buɗe daga dama kamar na ajami. Yana bin hotunan, sai ga saurayin ya baro jirgi, ya ƙare a ƙofar gida.

Mushe ya ce, "Baba, ai daga ƙarshe ka faro."

Baba ya ce, "Na sani, ɗana. Bar min shi haka."

Ka gaida Hajo da yara, ka sa mu cikin addu'a. Baba bai ba da saƙo ba, amma har yau bai maida littahin ba.

Ƙanenka,
Namata